Waƙoƙin da na saukar wa Mbah Sarwidi

Shin ƙaryar da aka yi wa mai jinya don ya samu ya ci abinci, a wanne ɓangaren ma'auni za a ɗora ta? Ina wannan tunani a bakin ƙofar Mbah Sarwidi, dattijon da ke maƙwabtaka da ni a garin Solo, sai ya ƙwala mini kira daga ciki.

Shekara arba'in yana kaɗa selo, babban gogen nan mai tsirkiya uku da ake fizga da yatsa, wanda masu rawa ke taka sautinsa kamar ganga. Da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun hagu ya daina kaiwa wasu wurare. Ya roƙe ni in sauko masa da waƙoƙin rawa mataki biyu, inda yatsunsa ke iya kamawa. Ni mai gyaran keke ne, da kaina na koyi rubutun kiɗa da lambobi. Na saukar masa da goma sha biyu.

Amma in selo ya sauka, dole mawaƙiya ta bi shi. Na kai wa Yu Warsini, mawaƙiyar ƙungiyarsu, takardun, don akwai wani biki da za su yi wasa.

"Haba Mas, ɗan'uwana, muryata guga ce da za a zura rijiya?" ta ce. "Ka ce wa tsohon nan ya huta."

A makon suka ɗauki wani makaɗi. Ni kuwa na koma na ce masa ta yarda, bikin ne aka ɗaga. Ranar ya cinye shinkafarsa tas.

Sau huɗu ina ɗaga bikin nan. Kullum da hantsi ina jin shi ta bangon gora yana fizgar tsirkiya, ya kuskure, ya sake.

Wannan karon da na shiga, yana kwance, selon na jingine da gado.

"Kai Le, yarona, ba ka iya ƙarya ba," ya ce. "Kunnenka ke ja. Amma faɗa mini, yaushe aka mai da shi?"

"Lahadi, Mbah."

"To, madalla."

Ya rasu ranar Alhamis bayan azahar.

Kwana uku da binne shi, mata na naɗe shinkafar sadaka a ganyen ayaba a barandarsa, Yu Warsini ta ce in miƙo mata takardun. Ta goge hannu a zani, ta daɗe tana kallon lambobin. Sannan ta fara rerawa a hankali, can ƙasa inda ya so. A layi na biyu ta kuskure. Ta yi gyaran murya, ta koma farko.