Yatsun Kaka Sun Goge

Karo na uku ke nan ina goya Kaka zuwa hawa na biyu na ofishin baƙi. Shekararta ɗari da shida, ba ta kai nauyin buhun gawayi ba.

"Angona, a hankali," in ji ta a kunnena. "In ka yar da ni, wa zai aure ka da wannan ƙeyar?"

Ban yi dariya ba. Izinin zamanta zai ƙare yau da ƙarfe huɗu, kuma duk wanda nasa ya ƙare, sunansa na shiga jerin waɗanda za a mayar ƙasarsu. Tana da shekara goma sha tara ta tsallako iyaka. Ta yi wankin asibiti shekara sittin, ta haifi tara, ta binne tara. Mu jikoki an haife mu a nan, muna da katin ɗan ƙasa. Ita kaɗai ce baƙuwa har yau.

Da can sa hannu ake yi. Bana suka kawo na'urar ɗaukar zanen yatsa.

Jami'in, mai tabarau a kan hanci, ya turo na'urar. "Mama, ɗora babban yatsa."

Ta ɗora. Jar wuta.

"Goge shi da zani."

Ta goge, ta hura masa iska, ta sake. Jar wuta. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Sabulu da soda sun cinye zanen tuntuni, tafin hannunta sumul kamar bayan cokali.

"Na'ura ba ta gan ta ba," in ji shi.

"Kai fa? Kai ba ka gan ta ba? Ga ta a gabanka tana numfashi!" na ce.

"Malam, sassauta murya. Akwai wata hanya." Ya jawo takarda. "Shaidu biyu da suka ga shigowarta ƙasar nan, su zo da ƙafarsu."

"Shekara tamanin da bakwai da suka wuce?"

"Haka aka rubuta."

Kaka ta matso da kunnenta mai ji. Da na maimaita mata, sai ta ce, "Ɗan nan, akwai su. Mai gidana da direban da ya kawo mu. Suna kwance kusa da juna a maƙabarta. Ka aika musu, ba sa fita ko'ina."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Wata ta ce mini, "Haƙuri za ka yi, haka ƙasar take." Haƙurin nan ne ya kashe mu. Na nemi shugaban ofis, aka ce yana taro. Na tsaya a ƙofarsa har ƙafata ta yi sanyi. Da ya fito, ya saurare ni yana duba agogo, ya ce in rubuto koke, kwamiti na zama wata mai zuwa.

Da na dawo, huɗu saura minti biyar. Kaka ta ja kujerarta da kanta har gaban na'urar, tana danna yatsa da duk ƙarfinta.

"Angona," ta ce, ba wasa a muryarta yanzu, "garin da na fito, na manta yarensu. In suka kai ni can na mutu, wa zai san sunan da zai kira?"

Jami'in ya miƙa hannu zai kashe na'urar. Ta riƙe wayar gam.

"Sau ɗaya, ɗan nan. Ban gwada ƙaramin yatsan da kyau ba."

Ya ƙyale ta. Ta ɗora. Jar wuta.