Takwarar Gwaggo Mwatima

Shekara shida ni Vuai ina tuƙa Dakta Zuhura a kwalekwale tana ɗaukar hoton dolfin, dabbar teku mai kama da kifi, a gaɓar ƙauyenmu, kudancin tsibirin Unguja. Kowace dabba da irin tsagar fiffiken bayanta ake gane ta. Dakta lamba take ba su. Ni kaina ba ya riƙe lamba, sai na riƙa raɗa musu sunayen 'yan garinmu. Ita kuwa baƙuwa ce daga birni, ta kwashe ta zuba a littafi.

Akwai wata tsohuwa mai yagaggen fiffike, masifaffiya, ko namiji ba ya raɓar ta. Na sa mata Mwatima, sunan gwaggona. Allah ya gani, sun dace.

'Ya'yan dabbar biyu raga ta kashe a mashigin ruwan da uwaye ke shayarwa, abin ya ƙona min rai. Sau uku Dakta tana roƙon masunta su daina kafa raga a wurin, sau uku Makame ɗan Gwaggo, mai babbar raga, yana watsa taron.

Karo na huɗu, a gindin mangwaro, Dakta ta ɗaga hoto.

"Wannan ita ce Mwatima. Ta fi kowa tsufa, haƙoranta sun cinye, ga faɗan tsiya."

Wuri ya kaure da dariya. Gwaggo ta miƙe, ƙafafunta jiƙe daga gonar ciyawar teku.

"Wane ɗan banza ne ya sa mata sunana?"

Duk yatsu suka nuno ni, har da na liman.

"Vuai! Ni na wanke maka kashi, yau ni ce kifi?"

"Ba kifi ba ce, Gwaggo, shayarwa take..."

"Rufe min baki, mai kai kamar kwakwa!"

Ta fizge hoton za ta yaga, sai ta tsaya. "Wannan ɗan mitsitsin na gefenta fa?"

"Ɗanta na uku ne, Mama," in ji Dakta. "Biyun farko sun mutu a raga."

Dariya ta ɗauke. Kowa ya san Gwaggo ta binne biyu kafin Makame ya rayu. Wallahi ban tuna da haka ba ranar raɗin suna, kunya ta kama ni sosai.

Gwaggo ta juya wajen ɗanta.

"Kai, na uku. Tashi ka ciro ragarka."

"Haba Mama, ruwa bai janye ba..."

"Ka iya iyo."

Ya tashi, sauran suka bi shi. Da za ta wuce ta ranƙwashe ni a ƙeya, hoton kuwa ta cusa a haɓar zaninta ta tafi da shi.