Ranar Buɗe Gangar Lyle

Fauzia 'yar unguwar Aboabo ce, a Kumasi. A 2005 ta biyo mijinta Abdul-Shakur Amurka, suka zauna a Woodbridge. Shi yana tuƙa motar kaya, ita tana zuwa gidajen tsofaffi tana kula da su. A 2011 kamfanin da take wa aiki ya tura ta gidan wata tsohuwa mai suna Olive, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Tun ranar farko Fauzia ta so ta ajiye aikin. Kwalaben giyar wuski ne jere a falon tun daga ƙasa har kusa da rufi. Da ta koma gida ta gaya wa mijinta.

"Ke za ki riƙa zuba mata?" in ji shi.

"A'a, Maigida. Likita ya hana ta sha."

"To ki yi aikinki. Amma kada hannunki ya ɗauki abin."

Sannu a hankali ta san tsohuwar. Uban Olive a duwatsun yammacin Virginia yake dafa giyar masara a ɓoye, cikin daji, da tukunyar jan ƙarfe. Tun tana yarinya take riƙe masa fitila, kuma a wurinsa ta koyi gane lokacin da ruwan da ke ɗigowa daga bututu ya yi kyau, da hanci kawai. Bayan ta tsufa ita da mijinta Lyle suka nemi izinin hukuma suka buɗe ɗan ƙaramin wurin yin wuski. Lyle ya cika wata gangar katako a 2004, ya ce ba za a taɓa ta ba sai ta shekara goma sha biyu. Bai kai ba. Ya mutu, ciwo ya kama Olive, 'yarsu Constance ta sayar da wurin ga wani kamfani.

Ba hannu da ƙafa kaɗai ciwon ya ɗauke mata ba. Ya tafi da jin ƙamshi. Kowace safiya sai ta sa Fauzia ta kawo mata ɓawon lemo, ta matse shi a hancinta, ta daɗe, sannan ta ajiye.

"Akwai wani abu, Mama Olive?"

"Babu."

Haka suka yi shekara biyar. Fauzia tana mata wanka, tana taje mata kai, tana shimfiɗa sallayarta a ɗakin wanki inda babu kwalba ko ɗaya. In ta shiga salla Olive kan rage ƙarar talabijin. Maganar gangar kuwa ba ta ƙarewa. Lyle ya ce za ta yi ƙamshin tuffa, saboda ya ajiye ta a lungun da ke kusa da gonar tuffa. Olive ta ce masa shirme ne, katako ba ya jin gona. Sun yi ta musu a kai har ya mutu.

"Ranar da za a buɗe ta, hancina zai dawo," ta kan ce. "Wannan ba lemo ba ne. Wannan na san shi."

A kaka ta 2016 kamfanin ya kira Constance. Za a buɗe gangar, za a yi taron ɗanɗano, 'yan jarida za su zo, kuma suna son tsohuwar ta halarta. Constance ta ce aiki ba zai bar ta ba. Fauzia ce za ta kai ta.

Suka fito da hantsi. Cunkoson babbar hanya ya riƙe su, sannan suka yi yamma inda ganyaye suka yi ja. Olive ta sa jar rigarta ta ulu, ta sa Fauzia ta shafa mata jan baki. Duk hanya tana nuna gonaki tana faɗin sunayen masu su na da.

Olive ba ta gane wurin ba da suka isa. An rushe rumfar Lyle an yi babban zaure mai gilasai, da kanti a gefe ana sayar da riguna da huluna. Tukunyar ubanta tana rataye a bango, an goge ta tana ƙyalli, an dasa mata fitila. Wani saurayi mai gemu, shi ne manajan, ya tura kekenta gaban jama'a, ya ba da labarin ubanta yadda ya ga dama, har da cewa ya taɓa tsere wa 'yan sanda a kan alfadari. Mutane suka yi dariya.

"Bai taɓa mallakar alfadari ba," in ji Olive. Ba wanda ya ji sai Fauzia.

Aka zagaya da ƙananan kofuna. Wani mai rubutu a jarida ya ce yana jin zuma, wata ta ce kirfa da fatar sirdi. Sannan manajan ya durƙusa ya miƙa wa Olive nata, zauren ya yi tsit. Ta karɓa da hannu ɗaya, abin yana neman zubewa a rigarta. Fauzia ta dubi kofin, ta dubi tsohuwar, ta sa hannu ta tallafe shi daga ƙasa.

Olive ta kai shi hanci. Ta rufe ido ta ja numfashi. Ta sake ja. Fauzia da ke tsaye a kanta ta ga yadda haɓarta ta fara motsi, ta san amsar.

"Ya yi," in ji Olive da ƙarfi. Aka tafa, aka ɗauki hotuna, jama'a suka koma hirarsu.

Sai ta jawo mayafin Fauzia. "Shinshina min," ta ce a hankali. "Ban ce ki sha ba. Ki gaya min kawai. Akwai tuffa?"

Fauzia ta tsaya. A ranta ta nemi gafarar Allah, ta sunkuya. Abin ya daki hancinta kamar ruwan da ake goge fata da shi kafin allura, da ɗan warin jiƙaƙƙen katako a bayansa. Idonta ya kawo ruwa.

"Mama Olive, ban san abin nan ba. Zafi kawai nake ji."

"Sake."

Ta sake. "Wallahi ban sani ba."

Olive ta saki mayafin. 

Fauzia ta fita don ta kawo mota kusa da ƙofa. A bayan ginin ta tarar da wani dattijo yana wanke ganguna da tiyo. Ya ce tun zamanin Lyle yake aiki a nan, ya tambayi jikin tsohuwar. Sannan ya kashe ruwan ya duba hagu da dama.

"Gangar nan ta daɗe tana yoyo," ya ce. "Ba wanda ya kula bayan an sayar da wurin. Da muka buɗe ta, abin da ya rage bai cika bokiti ba. Suka ƙara da na wasu ganguna. Kada ki gaya mata."

A hanyar komawa Olive ta jingina kai da gilashi, kwalbar da aka ba ta kyauta tana kan cinyarta. Sun kusa gida ta ce, "Da na ji ƙamshin, da na san wanda ya yi gaskiya tsakanina da Lyle." Fauzia ta riƙe sitiyari ta ci gaba da tuƙi.

Da ta isa gida ta wanke hannu har sau uku, ta gaya wa Abdul-Shakur ta riƙe kofin, ta kuma shinshina. Ya daɗe yana kallonta.

"To ta ji daɗi?" ya ce.

"A'a."

Ya tashi ya yi alwala.

Bayan wannan tafiya Olive ta rage cin abinci. Ta ce komai kamar takarda yake a bakinta. Kafin ƙarshen shekara ta faɗi a banɗaki, Constance ta zo ta mayar da ita gidan kula da tsofaffi a Maryland, ta sa gidan a kasuwa. Aikin Fauzia a wurin ya ƙare.

Sau ɗaya ta samu ta je duba ta, wata Lahadi. Ta tarar da ita a bakin taga, an yanke mata gashi gajere. Fauzia ta durƙusa ta gaishe ta, ta kama hannunta mai lafiya. Olive ta dube ta da kyau, cikin ladabi.

"Ke ce mai kawo magani?" ta ce.

Labarin rasuwarta a waya ya zo wa Fauzia, daga wata ma'aikaciyar ofishinsu, bayan an riga an binne ta. Tana cikin mota a lokacin, a ƙofar gidan wani tsoho da aka ba ta a Dale City, ana yayyafi. Ta zauna kaɗan da wayar a hannu. Tsohon yana leƙowa ta labule, don lokacin wankansa ya wuce. Ta ɗauki jakarta ta fita.