Sassauta Ƙafarka, Zaharaddini

"Sassauta ƙafarka, Zaharaddini," in ji Baba Mijinyawa, idonsa a rufe. "Ina jin ka fa."

Zaharaddini ya ɗaga ƙafa daga kan totur, ransa a jagule. Sun baro Karaye ke nan, tsohon yana tsakiya a gaban akori-kura, matarsa Saude ta tallafe shi ta ɓangaren ƙofa. Likitoci sun riga sun sallamo shi, sun ce a je gida a yi ta addu'a. Da safen nan ya ce shi dai a kai shi Rogo Ruma ya ga yayarsa Yelwa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Duk wanda ya dube shi ya san babu sauran lokaci.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Baba da na Zaharaddini. Da injin motar nan ya buga, Baba, tsohon bakanike da ya daɗe da ajiye sufana, shi ya ce a sauke masa shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Tari na turnuƙe shi, amma haka ya wanke komai da fetur, ya shafa wa kowane fistan mai da yatsansa, ya zura ringi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka tayar, ya kafa doka: ba gudu, ba lodi, sai an yi juyen mai na farko. Ga shi kuwa ba a yi ba.

"Haba Malam," in ji Saude. "Ka bar shi ya yi sauri mana."

"Ke, ringi bai gama zama ba. In ya ba ta wuta yau, hayaƙi za ta yi ta yi har ta mutu. Da me zai ciyar da yaransa?"

"Baba, inji ai ana sake haɗa wani," in ji Zaharaddini.

"Wa zai haɗa maka?"

Wallahi da zagi ne da ya fi wa Zaharaddini sauƙi. Ya haɗiye kuka, ya riƙe sitiyari. Masu babura suna wuce su suna waiwaye, wani har da tsiya: "Direba, ƙwai ka ɗauko?" Baba ya ɗora tafinsa a kan gwiwar Zaharaddini. Duk sanda Zaharaddini ya saci ƙafa ya ƙara wuta, sai ya ji an ɗan bubbuga shi, dole ya sassauta.

Da rufin kwanon Rogo Ruma ya fara ƙyalli ta bayan gonakin dawa, zuciya ta ci shi, ya taka. Motar ta zabura. Ya jira bugun nan, bai zo ba. Hannun yana nan a gwiwarsa, ya yi nauyi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Saude a hankali.

Zaharaddini ya sassauta ƙafa. A haka ya shiga gari, yana kuka wiwi, ko goge fuska bai yi ba.

Ashe an fito da Yelwa ƙofar zaure, tana kan tabarma da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Zaharaddini ya tsayar da motar a gabanta. Baba ya sha faɗa masa, sabon inji ba a kashe shi farat ɗaya, sai ya ɗan huce. Ya bar injin yana kaɗawa a hankali, ba hayaƙi ko kaɗan. Tsohuwar ta kare rana da tafin hannu, tana leƙen cikin motar.