Kati Biyu a Hannun Daso

Daso ta sauko daga hawa na tara da ƙafa, ta tarar an fara taron a zauren ƙasa. Lif ɗin benen ya mutu tun azumi, kuma kwamiti ya ce ba za a gyara abin da ake shirin rushewa ba.

Wani kamfani ne ke so ya rushe tsohon benen nasu na unguwar Sentul, a ƙasar da mijinta ya zo karatu, ya gina sabo, masu gidaje su samu sababbi. 'Yan haya irin su Daso kuwa, sai dai su kwashe komatsansu. Taro ya ƙi ƙarewa, kullum sai a yi ta musu a kan wurin ajiye mota har a sha shayi a watse. Ta gaji da su, wallahi. Yau dai aka ce za a yi ƙuri'a, kuma kamfani ya ce sai kusan kowa ya yarda.

Katin ƙuri'a biyu ne a hannunta. Ɗaya na maigidan hayarsu ne, wani tsoho da ke zaune a garin Ipoh, wanda ya ce mata a waya ta zaɓi abin da ta ga dama, tunda ita ke kwana a ciki. Ɗayan na maƙwabciyarta ne, Makcik Sharifa, wato Inna Sharifa a yaren mutanen ƙasar, wadda ciwon ƙafa ya hana saukowa tun da lif ya tsaya. Ita ta kula da Daso lokacin jegon 'yarta Khaulah, ta gasa mata jiki irin na mutanensu. Abin da take so a fili yake: a rushe, a ba ta ɗaki a ƙasa.

Waya ta yi ƙara. Munzali ne, mijinta, daga ɗakin karatu.

"Daso, please, kada ki yi mana sentiment. Saura shekara ɗaya in gama thesis. In aka tashe mu, ina za mu? Makarantar yara fa?"

"Na ji."

"Katin Makcik ɗin ma, wa zai san abin da kika zaɓa da shi?"

Ta kashe wayar.

Shugaban taro ya ce masu son a rushe benen su ɗaga kati. Ta ɗaga na Makcik sama sosai. Aka ƙirga. Ya ce waɗanda ba sa so. Ta ɗan jira, sannan ta ɗaga ɗayan daidai kafaɗarta. Wani ya yi dariya a baya.

"Wanne ne naki a ciki?"

Ba ta juya ba. Ta faɗa wa kanta cewa ta yi adalci, kowa an ba shi nasa. Amma da aka sanar masu ƙi sun isa su hana aikin, sai ta ji daɗi, jin daɗin kuma ya ba ta kunya.

Hawan ya fi saukar wuya. Ta tarar da ƙofar Makcik a buɗe, tsohuwar na zaune da waya a cinya. An riga an saka hotunan taron a zauren WhatsApp na benen.

"Na ɗaga naki, Makcik."

"Na gani. Na ga ɗayan ma."

Daso ta fara kawo maganar yara da karatu.

"Bar shi," in ji Makcik. "Da ni ce mai ƙananan yara, haka zan yi. Kin makan? Kin ci abinci?"

"A'a."

"Akwai shinkafa a tukunya. Amma fara ja min kujerar nan zuwa bakin taga, in riƙa ganin mutane."

Daso ta ajiye katunan a ƙasa, ta kama kujerar da hannu biyu.