Cokalin Ɗiban Hoda

Binciken digirina na uku a kan sinadarin titaniyam oksaid ne, farar hodar nan da ake zubawa a fenti. Tambayar guda ce: in aka cusa mata ƙwayoyin tagulla, za ta zama maganaɗisu? Ni hodar ko taɓa ta ba na yi. A kwamfuta nake jera ƙwayoyin zarra, in cire nan in dasa can, in bar na'ura da lissafi. Duk ta inda na ɓullo, amsar ɗaya: ba za ta zama ba.

A ɗakin gwaji na ƙasan bene kuwa, Dogo, ɗan lelen Farfesan da ke duba aikinmu, ya auna hodar gaske, ta nuna maganaɗisu ƙiri-ƙiri. Har tafi aka yi masa.

"Ke kwamfutarki ta fi hodar sanin kanta ne?" in ji Farfesa. "Je ki gyara."

Na gyara har idona ya fara ganin bibbiyu. Wa'adina ya ƙare, kwamiti ya ce aikina ya saɓa wa gwaji, aka sallame ni. Babana, da ya riga ya fara kira na Dakta a gaban abokansa, ya koma kira na Auta. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ina koyar da lissafi a sakandare sai ga kiran Farfesa. Na same shi a ofis, Dogo na gefe yana sosa ƙeya, yanzu shi ma Dakta ne.

"Abin dariya," in ji Farfesa, kuma dariyar yake yi. "Cokalin da yake ɗiban hoda da shi na ƙarfe ne. Ɓurɓushinsa muke ta aunawa! Da aka sauya na roba, shiru kake ji. Ashe lissafinki daidai ne."

Na gyara zama, cike da murna. "To, ranka ya daɗe, za a mayar da ni ke nan?"

"Haba, 'yata. Wanda aka sallama ai ba ya dawowa, doka ce. Ki dai turo wa Dogo lissafin, zai rubuta gyara."

"Da sunana?"

Ya dubi Dogo, Dogo ya dubi silin.

"Ba ɗalibarmu ba ce ke yanzu. Amma kar ki damu, a shafin ƙarshe za mu gode miki."