Tsuntsuwar Hadijatu

Kwana arba'in da rasuwar Hadijatu, mijinta Alhaji Saleh ya manta ƙofar keji a buɗe, tsuntsuwarta ta tashi. Ba tsuntsuwar ce ta dame shi ba, shi da ko kaza bai taɓa kulawa ba. Muryar matarsa ce a bakinta. Duk abin da marigayiyar ke faɗa ta haddace, har dariyarta.

Aka ce masa akwai wani Kure a Tungan Maje, mai kama tsuntsaye, duk wadda ta ɓata a hannunsa take ƙarewa. Ya bar taro a ma'aikata ya nufi can da babbar riga.

A wurin Kure kejuna sun fi ashirin, kururuwa kamar kasuwa.

"Oga, wane iri ne naka?" in ji Kure.

"Ƙaramin aku. Kore."

Kure ya yi dariya. "Duka kore ne, oga. Wannan tsirya ne, dogon wutsiya, jan baki, namiji yana da zobe a wuya. Wancan kai toka-toka, ciki kamar lemo, wutsiya gajere. Waɗannan ƙanana masu jan fuska biyu-biyu suke zama, ba su cika magana ba. Naka fa?"

Alhaji ya bi kejunan da kallo. Mutumin da ke gano kuskuren waƙafi a takarda mai shafi ɗari, shekara tara yana wuce kejin nan safe da yamma, amma bai san ko wutsiyar doguwa ce ba. Hadijatu ta sha cewa ya zo ya ga yadda tsuntsuwar take wanka, kullum amsarsa yana sauri. Kunya ta kama shi.

"Ba komai," in ji Kure, ya daina dariya. "Faɗa abin da Madam yake faɗa. In yana nan zai amsa."

Alhaji ya durƙusa gaban kejunan, rigarsa na sharar ƙasa. Ya sirantar da murya.

"Sannu da zuwa, Abban Zaid."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa. Babu wadda ta maimaita. A keji na ƙarshe ne ya tuna kullum da "uhm" yake amsa wannan gaisuwa, idonsa a kan waya.

"Yauwa, Hadiza," ya ce, hawaye na zuba. "Yauwa. Ya gida?"